Amsa ga Kawu: inda muke cin abinci a garin ƙanƙara

Kawu, Allah shi ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina kasuwa, ya su Inna da yara? Saƙon muryar da ka aiko ta wayar ƙanena ya iso, sai da na saurare shi sau uku kafin in zauna in ba ka amsa. Ka ce an kawo maka hotona har shago, ina zaune da abokai a gidan cin abinci, tukunya a tsakiyarmu, dutse fari fat a bayanmu, ga kwalabe a teburin gefe, har wani ya ce maka wanda ya daɗe a ƙasar Turawa ba ya tambayar abin da ke cikin kwano. Ka tambaye ni a ina muke ci, kuma me muke ci. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba, don haka ba zan rage maka komai ba.

Sunan garin Shamoni, a gabashin Faransa, gindin dutsen Mon Bilan wanda tsawonsa ya wuce mita 4,800. Daga Disamba zuwa Afrilu dusar ƙanƙara ke rufe duwatsun, baƙi su yi ta kwarara don wasan zamiya, su ɗaura dogayen allunan nan biyu a ƙafa su sulalo daga sama. A nan aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta farko, a 1924. Ɗarin Janairu da ke sa mu hura wuta a tsakar gida da asuba a Maradi, mutanen nan ba za su ma kira shi sanyi ba. Ni ba cikin garin nake kwana ba, hayar ɗaki ta fi ƙarfin ma'aikaci. Ina zaune a Kuluz, ƙasa cikin kwari, tafiyar kilomita 40 ko kusa da haka, inda masana'antun ƙera ƙananan ƙarafa suka tara Larabawan Magrib da Turkawa tun da daɗewa. A can mahautan halal suke, a can muke sallar Juma'a. Mu Hausawa ba mu da yawa, ɗan Maradi, ɗan Damagaram, ɗan Tawa, kowa ya san ƙofar kowa.

Sai ka san abincin mutanen dutse kafin ka gane damuwarmu. Kakanninsu makiyaya ne talakawa. Watanni da yawa ƙasa ba ta ba su komai, saboda haka abincin sanyi tun lokacin zafi ake tanadinsa, kamar yadda muke cika rumbu da kaka. Shanu su hau dutse kiwo, a mai da madararsu cuku. Cukunsu ba irin na Abalak ba ne, mai faɗi siriri da muke ci da shayi. Wani nasu ƙato ne kamar tayar mota, yana kai kilo 40. Gida kuma yakan kiwata alade, a yanka shi farkon sanyi, a yi masa gishiri a rataye, ya kai su ƙarshen ƙanƙara. Giyar inabi kuwa a wurinsu kayan girki ce, yadda daddawa take a tukunyarmu. Ba don su cuce mu suke sa waɗannan abubuwa ba, da su suka rayu, kuma da su suke alfahari.

Wanda ya fi suna shi ne fondu: a narka cuku a tukunya da tafarnuwa da farar giya, a ajiye kan ƴar wuta a tsakiyar tebur, kowa ya soki gutsuren burodi da dogon cokali mai yatsu ya tsoma. Idan ka yi magana sai su ce ai wuta ta kore giyar. Mu ba mu karɓi wannan ba. Sai rakilet, cuku narkakke da ake zubawa kan dafaffen dankalin turawa, amma farantin naman da ke rakiyarsa kusan duk alade ne. Tartifilet dankali ne da albasa da cuku mai suna rebuloshon, an barbaɗa masa ƙananan yankan alade masu kitse. Diyo kuwa naman alade ne cushe cikin hanji, a dafa shi cikin giya. Wannan ko kallonsa ba mu yi.

Shekarata ta farko na faɗa. A wani gida na tambayi mai kawo abinci ko akwai nama cikin dankalin da aka gasa da cuku, ya ce babu. Na ci rabi sai na ji wani abu a haƙori. Yaron bai yi nufin ƙarya ba, a kansa nama shi ne babban yanki da ake sa wa wuƙa, ƴan gutsattsarin nan kayan ɗanɗano ne kawai. Kwana biyu na yi abinci bai shiga cikina ba. Malamin da na kai wa kuka ya ce babu laifi ga wanda ya tambaya aka ba shi amsar da ba daidai ba, amma in gyara tambayata. Tun ranar tambaya uku nake yi, dalla-dalla: akwai alade ko kitsensa, an zuba giya a miyar, kuma da romon wane nama aka dafa. Tun 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, irin su gyaɗa da ƙwai da madara. Alade ba ya cikin jerin. Takardar ba za ta yi maka wannan aikin ba, sai ka buɗe baki.

To ina muke zuwa? Ni dai kifi na fi yarda da shi. Akwai manyan tabkuna a yankin, Leman da Anesi, kifinsu fari ne mai laushi, ko da yake har yau ban ci wanda ya kai mini soyayyen kifin Madarunfa da yaji ba. In ce a soya da man shanu da lemun tsami, kada a zuba miya. Italiya na bayan dutsen, hanyar mota ta cikin dutsen mai kilomita 11.6 da aka buɗe a 1965 ta haɗa mu da ita, shi ya sa gidajen fiza suka yi yawa. Ta tumatir da cuku zalla ba ta da matsala. Akwai Indiyawa masu shinkafa da miyar wake da kayan lambu, su ne suka fi saurin fahimtar mutum idan ya ce ga abin da ba ya ci. Shagunan kebab ma muna zuwa, amma ko mai shagon ya yi maka sallama, tambaye shi daga wane mahauci yake saye.

Babban titin garin, mai sunan Dokta Pakar, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka fara hawa ƙololuwar Mon Bilan a 1786, na masu kuɗi ne. Lungunan baya sun fi sauƙi, musamman abincin rana da ake rubutawa da alli a ƙofa. Gidaje da yawa daga sha biyu zuwa ƙarfe biyu suke ba da abinci, sai kuma bakwai na dare. Ruwan famfo a tulu da burodi ba a biyansu. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, ka ga faranti na yuro 20 ya haura jika 13, kuma wannan ba mai tsada ba ne a nan. Can sama, inda keken igiya, akwatin da ke rataye a waya yana hawa dutse, ke kai mutane sama da mita 3,700, komai ɗaukarsa ake yi a hau da shi, kuɗin ya ƙara tashi. Idan mun kai baƙo kallo, guzuri muke yi: burodi, dafaffen ƙwai, sardin, shayi a fulas.

Yanzu maganar hoton. Ranar rufe kakar aiki ce. Shugaban kicin ɗin gidan abincin da nake aiki, ɗan yankin ne kuma ba Musulmi ba, ya sayo sabuwar tukunya ya yi mana fondu da ruwan tufa da lemun tsami maimakon giya, mu biyar da muke salla, ina tsaye kusa da shi har ya gama. Kwalaben na teburin wasu ne. Cikinmu akwai waɗanda ba su zama ko kaɗan inda ake shan giya, akwai kuma waɗanda ba su cin cukun nan saboda abin da ake daskarar da madarar da shi daga cikin ɗan maraƙi ake ciro shi, kuma malamai sun yi saɓani a kai. Ba mu ja da juna. Sannan akwai abin da ya fi hoton nauyi: kicin ɗin da nake aiki ana dafa alade a cikinsa. Ni ina ɓangaren kayan lambu da kifi, na roƙa aka bar ni a can, amma abin yana ci mini rai. Wasunmu sun bar wannan aiki sun koma gini ko masana'anta saboda haka, ni ma ina neman hanya. Ka sa ni a addu'a.

Gaskiyar magana, cin abinci a waje ba kullum ba ne a wurinmu. Ranar hutu gidan ɗayanmu muke haɗuwa, a tuƙa tuwo da garin alkama mai tsaki-tsaki tunda hatsi ba ya samuwa cikin sauƙi, a kaɗa miyar kuka, a zauna ƙasa a ci da hannu. Yaran da aka haifa nan suna son rakilet, sai mu yi musu a gida da naman talotalo da na sa daga mahaucinmu. Duk ɗan uwan da ya sauka sabo, kafin a nema masa aiki sai an kai shi wurin mahauci, a koya masa tambayoyin nan uku da Faransanci har su zauna a bakinsa. Azumin shekarun nan cikin sanyi yake faɗowa, yini gajere, amma daidai lokacin da aiki ya fi yawa. Sau da yawa a tsaye nake buɗe baki da dabino a bayan kicin, sai dare in sauka kwari in tarar an ajiye mini kunu.

Inna ta ce za ta ba mai zuwa saƙo. Don Allah ka gaya mata kada ta sa kilishi ko cuku, an hana matafiyi shigo da nama da kayan madara ƙasashen Turai, a filin jirgi za a karɓe. Kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji su muke bukata, daddawar a ɗaure ta cikin leda biyu. A gaida mutanen shago duka, har da wanda ya kawo maka hoton.