Tambaya da Amsa: Miji da mata ne suka yi waƙar nan?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Mahaifina direban babbar mota ne, ya fi shekara talatin yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare zuwa Kusiri da Njamena. Yana da wata waƙar Turanci a kaset, "You've Got a Friend". Ba ya jin Turanci, amma tun da amininsa da suke tuƙi tare ya rasu, ba ya kwana bai sa ta ba. Shi ya ce namiji ne ya yi ta, ni kuwa na ji ta a waya da muryar mace. Yayana ya rantse miji da mata ne. Wa ke da gaskiya? Daga ɗiyarka a Ngawundare.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya jiƙan aminin babanki. Ke da babanki duk kun faɗi daidai, yayanki ne ya sha ƙasa.

Mace ce ta tsara waƙar, Carole King, 'yar birnin Niyok a Amurka. Muryar da ke kaset ɗin babanki kuwa ta James Taylor ce. Dukansu sun rera ta a 1971, ita a faifanta mai suna Tapestry, shi a nasa. Ba su taɓa aure ba. Ina zargin suna ne ya ruɗi yayanki: a 1972 Taylor ya auri wata mawaƙiyar daban, Carly Simon. A kunnen Bahaushe, Carole da Carly ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ni a Garwa na fara jin ta, a shagon wani mai gyaran rediyo kusa da babbar kasuwa, kuma na daɗe ina ɗaukar ta waƙar soyayya. Ashe asalinta na kusa da abin da ke cin babanki. A 1970 Taylor ya fitar da "Fire and Rain", inda ya yi kukan wata ƙawarsa ta ƙuruciya da ta rasu yana Landan yana aikin faifai. Abokansa suka ɓoye masa rasuwar har tsawon watanni don kada hankalinsa ya tashi. A cikin waƙar ya ambaci lokutan kaɗaici da ya nemi aboki ya rasa. Taylor ya ce daga baya King ta faɗa masa cewa tata waƙar amsa ce ga wannan baiti: ga aboki nan, kira kawai, ko rani ko damina. Ita King idan aka tambaye ta takan ce waƙar zuwa ta yi mata da kanta, kamar ba ita ke rubutawa ba. Ni ban ga saɓani ba. Wanda maganar amininsa ta kwana a ransa, ba sai ya yi shiri kafin amsa ta fito ba.

Taylor ma ya yi mata rana. King ta shafe shekaru tana tsara wa wasu waƙoƙi tare da mijinta na farko, Gerry Goffin, amma tana jin nauyin tsayawa gaban jama'a. Tana kaɗa wa Taylor fiyano a wasanninsa, sai wata rana ya gabatar da ita ga 'yan kallo, ya sa ta rera ɗaya daga cikin waƙoƙin da ta tsara. Daga nan tsoro ya fara sakin ta.

Abin da ya fi burge ni shi ne kyautar. Na zauna da makaɗa a nan Garwa da Marwa, na ga yadda ake ɓatawa saboda ɗan amshi ya ɗauki baiti guda na ubangidansa ya kai wani gidan biki. To ita wannan baiwar Allah, Taylor ya ji waƙar ya nuna yana so, ta ce ya ɗauka, alhali tana tsakiyar haɗa nata faifan. Bakandamiya ce fa, ba tarkace ba. Tasa ce ta hau matsayi na ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard a watan Yulin 1971, kuma ita kaɗai ce waƙarsa da ta taɓa kaiwa nan. Ita ma ba ta yi asara ba: a 1972 aka ba ta Grammy, babbar lambar yabo ta mawaƙa a Amurka, ta waƙar shekara, mace ta farko da ta samu, shi kuma aka ba shi ta rerawa. A 2007 suka sake haɗuwa a Troubadour, gidan kiɗan Los Anjalas da suka yi wasa tare a 1970, sannan suka zaga ƙasashe a 2010, shi kai ya yi sanƙo, suna rera ta da murya biyu.

Ki kai kaset ɗin wurin masu tura waƙa su juye shi a memori kafin rediyon mota ya tauna zaren. Sannan ki sa wa babanki ta macen da daddare, bayan ya sha shayinsa, ki ce ya kasa kunne ga jitar da ke bin fiyano a hankali. Mutuminsa na kaset ne ke kaɗa mata.