Nauyin kaya ba ya hana shi zamewa a kan buɗaɗɗiyar tirela

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da fara jan buɗaɗɗiyar tirela ba, irin marar bango. Maigidana ya ce kaya mai nauyi shi ke riƙe kansa, bel 2 ya wadatar. Kwanan baya na ɗauko inji mai tan 10, na taka birki da ƙarfi, sai ya matso gaba kusan taku guda. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kiyaye gaba. Da girmamawa ga maigidanka, wannan maganar tasa ta sha jawo asarar rayukan direbobi, domin duk ƙaruwar nauyin kaya, ƙarfin da zai tunkuɗo shi gaba lokacin birki ma ƙaruwa yake yi daidai gwargwado.

Dokar lodi ta Amurka da ƙa'idar Turai mai lamba EN 12195-1 sun haɗu a kan lissafi guda: ɗaurin ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, kashi 50 ta baya, kashi 50 ta gefe. Ke nan injinka mai tan 10 ya turo gaba da ƙarfin da zai iya kai tan 8. Ƙarfe a kan daɓen katako kuwa, riƙon da ke tsakaninsu bai wuce kusan kashi 30 na nauyin ba, wato tan 3. Saura tan 5 da babu mai tare su sai abin da ka ɗaura.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Bel ɗin da ka yafa ta saman kaya ba tare shi yake yi ba, danne shi yake yi domin ya ƙara kama daɓe. Duba ƙyallen da ke ɗinke a jikin bel. Za ka ga LC, wanda ke nuna ƙarfin da bel zai jure idan an ja shi, galibi 2,500, wato kusan kilo 2,500, a bel mai faɗin milimita 50. Za ka kuma ga STF, wanda ke nuna tamkewar da hannunka zai iya ba shi, sau da yawa 300 zuwa 500, wato kusan kilo 300 zuwa 500. Wajen dannewa, STF ne abin lissafi. Bel mai STF 400 yana danna kusan kilo 800 ta gefe biyu, kuma kashi 30 na wannan kilo 240 ne kacal. Don tare tan 5 ta wannan hanya sai ka nemi bel sama da 20. Kai kuma 2 ka sa.

Abin da ni zan yi da injin nan shi ne, kafin a sauke shi a kan mota in share daɓen, kada a bar yashi, mai ko laka. Sannan in shimfiɗa tabarmar roba ta hana santsi a ƙarƙashin ƙafafunsa. Wannan roba tana ɗaga riƙon zuwa kashi 60, sai abin da ya rage ya koma tan 2, bel 5 ko 6 su isa. Ban san wani abu mai sauƙin samu da ke aikin da take yi ba. Bayan haka in toshe gibin da ke gabansa da katako mai kauri har zuwa bangon gaban tirela in tana da shi, muddin nauyin ya zauna daidai a kan ƙafafun mota. Inji irin wannan ma sarƙa ta fi dacewa da shi: guda 4, daga mariƙan kusurwowinsa kai tsaye zuwa zoben ɗauri na tirela, 2 na ja gaba, 2 na ja baya. A irin wannan ɗaurin ne ƙarfin LC ke shiga lissafi.

Lura da tsayuwar bel. Idan ya sauko kusan a miƙe, dannewarsa cikakkiya ce. Idan ya kwanta zuwa digiri 30, rabi ta tafi, shi ya sa kaya gajere mai faɗin kai kaɗan ke yaudarar direba. Sa kariya a duk kaifin da bel zai bi ta kai. Bel mai yanka, mai ƙulli ko wanda ƙyallensa ya goge, ajiye shi. Tamfol kuwa na ruwa da ƙura ne, kada ka ƙirga shi cikin ɗauri. In maƙullin sarƙarka mai hannun liba ne, kada ka zura masa bututu don ƙarin ƙarfi, kada kuma ka tsaya a saitinsa, yana fizgewa ya fasa haƙora.

Kaya yana zama bayan an fara tafiya, bel ya saki. A dokar Amurka ana tsayawa a duba cikin kilomita 80 na farko, sannan duk bayan awa 3 ko kilomita 240. Ɗauki wannan ko a ina kake tuƙi, ka ƙara da dubawa bayan kowane birki mai ƙarfi irin wanda ka taka ranar nan.