Filin Tambaya da Amsa: Sayen Bindigar Harbin Kifi Daga Ƙasar Waje

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina nutso a teku ina kamun kifi da mashin hannu, yanzu kuma ina so in sayi bindigar harbin kifi ta ƙarƙashin ruwa daga wani mai sayarwa na ƙasar waje ta intanet. Ya ce zai rubuta "kayan kamun kifi" a takardar kwastam domin kada a riƙe kayan, ya kuma yi mini tayin rage farashin a rubuce don harajin ya yi sauƙi. Shin in yarda? Me kuma ya kamata in sani kafin in biya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yarda da ko ɗaya daga cikin tayin biyu, domin idan asiri ya tonu mai sayarwa yana can ƙasarsa da kuɗinka a hannu, kai kuwa sunanka ne a kan kunshin, kai ne za ka tsaya gaban jami'i ka yi bayani.

Tushen matsalar shi ne abin da kai kake kallo a matsayin kayan sana'a, jami'in kwastam yana iya kallonsa a matsayin makami. Kusan duk ƙasashen duniya suna rarraba kaya ne da tsarin lambobi na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Burasels, wanda ya fara aiki a 1988. A cikinsa, lamba 9507 ta ƙunshi sandar kamun kifi da ƙugiya da makamantansu, ita kuwa 9304 tana cikin babi na 93, babin makamai, kuma ta ƙunshi bindigogin da ke aiki da iska ko da sifirin maimakon albarushi. Masu sayarwa sun fi son ta farko saboda ba ta jawo tambaya, amma hukumomin kwastam da dama a ta biyun suke sa bindigar kifi. Idan na'urar haska kaya ta nuna kunamar bindiga da mashi na ƙarfe alhali takarda ta ce ƙugiya, an riga an fara zarginka tun kafin a buɗe kwalin, kuma daga nan sai riƙewa, ko tara, ko ƙwacewa baki ɗaya.

Saboda haka aikinka na farko, kafin ka taɓa aljihu, shi ne ka rubuta wa hukumar kwastam ta ƙasar da kayan za su shiga, ka haɗa da hoton bindigar da sunan samfurinta da tsawonta da yadda take aiki, ka nemi a gaya maka lambar da take ƙarƙashinta da kuma ko ana buƙatar izinin 'yan sanda ko na ma'aikatar kula da kamun kifi. Ka dage a ba ka amsa a rubuce, domin maganar baki ba ta fitar da kaya. Dokokin sun sha bamban ƙwarai: ƙasashen Maldibs da Seshels sun hana shigo da ita, Bahamas ta hana amfani da ita sai dai mashin hannu mai roba, Faransa kuma ta yarda da ita ga wanda ya kai shekara 16, da sharaɗin ƙarfin jikin mai harbi ne yake ɗana ta. A tekun Bahar Rum, dokar Tarayyar Turai ta 2006 ta hana harbin kifi da daddare ko tare da tulun iska na numfashi. Izinin shigowa daban, izinin amfani daban, kuma samun ɗaya ba ya nufin an samu ɗayan.

Irin bindigar ma yana da tasiri. Mai roba, irin wadda Rob Allen na Afirka ta Kudu da Riffe na Amurka suka yi suna a kanta, ba ta da wahalar jigila sai ta fuskar tsawo. Mai iska, wadda kamfanonin Italiya irin su Cressi da Mares da Salvimar suka ƙware a kai, tana ɗauke da matsattsiyar iska a cikinta, kamfanonin jiragen sama kuwa suna lissafa matsattsiyar iska cikin kaya masu haɗari. Ka sa mai sayarwa ya fitar da iskar gaba ɗaya, ya rubuta haka a takarda, ya kuma haɗo maka da famfonta. Game da tsawo, lambar da ake rubutawa a jikin mai roba, kamar 90 ko 110, tsawon bututun ne kawai da santimita. Mashin ya fi haka tsawo sosai, kuma gidajen waya na wasu ƙasashe ba sa karɓar kunshin da ya wuce mita 1.05, wasu kuma mita 1.5. Mutane da yawa sai sun biya sannan suke gano cewa kuɗin jigilar dogon kwali ya kusa kamo kuɗin bindigar.

Batun rage farashi kuwa wauta ce mai tsada. Jami'i yana da intanet kamar yadda kake da ita, kuma idan ya yi shakka zai nemi shaidar biyan kuɗi daga banki, ya ƙiyasta darajar da kansa, ya ɗora tara. Ban da haka, idan kunshin ya ɓace ko mashin ya lanƙwashe a hanya, inshora ba za ta biya fiye da abin da aka rubuta ba. Ka sani kuma cewa a ƙasashe da yawa, ciki har da na Tarayyar Turai, ana lissafa haraji ne a kan kuɗin kaya da na jigila da na inshora a haɗe, sannan a ɗora harajin sayayya a kan jimillar, kamfanin jigila kuma ya ƙara ladan fito da kaya. Ka duba ko cinikin DDP ne, wato mai sayarwa ya ɗauki nauyin haraji har ƙofarka, ko DAP, wato harajin yana wuyanka.

Idan duk da haka aka riƙe kayan, ka nemi dalilin a rubuce a ranar da labari ya iso ka, ka miƙa rasit da shaidar biya da amsar da hukumar ta ba ka tun farko, domin kuɗin ajiya yana ƙaruwa ne kullum, kuma akwai wa'adin da idan ya wuce za a mayar da kayan ko a lalata su.

Tambaya: To idan ni zan yi tafiyar, zan iya riƙo ta a jirgi?

Amsa: Ba za a bar ka ka shiga da ita a jakar hannu ba, sai dai a kayan da ake aunawa a sa a cikin jirgi. Ka cire robar, ka raba mashin da bindigar, ka rufe tsininsa da kyau, ka sanar da kamfanin jirgin tun lokacin sayen tikiti. Idan ka sauka, ka bi layin masu kayan da za su bayyana, da takardunka a hannu, kuma idan za ka yada zango a wata ƙasa inda sai ka karɓi kayanka ka sake auna su, ka binciki dokar wannan ƙasar ita ma.