Dajin turare bayan gobara: yana komawa yadda yake?

Malam, ka tambaya ko dajin turare na Ostiraliya yana komawa yadda yake bayan gobara. Ya danganta da irin bishiyar, da kuma yaushe wutar ta sake dawowa.

Yawancin turare ba sa mutuwa. Makonni kaɗan bayan wuta za ka ga ganye ya tsattsafo daga ƙarƙashin ɓawon da ya yi baƙi ƙirin, tun daga gindi har sama.

Amma dogayen nan na tsaunukan jihar Biktoriya, masu kai mita 80, wuta mai ƙarfi kashe su take yi. Sai iri ya zubo kan toka, 'ya'ya su tsiro cunkus, su yi ta kashe juna da inuwa. Haka aka yi bayan babbar gobarar dajin da aka yi a jihar a shekarar 1939. Matsalar ita ce sai sun kai kusan shekara 20 kafin su yi iri. In wuta ta riga su, shi ke nan, dangin bagaruwa da ciyayi su gaje wurin.

Kore kam yana dawowa da wuri, kada ya ruɗe ka. Kogon da tsuntsaye da ƙananan dabbobi ke kwana ciki sai bishiya ta haura shekara 100.