Ko asara ta yi da ta bar kamfanin ɗab'i?

Malama, kin ce marubuciyar labaran binciken kisan kai da kike karantawa, jikar 'yan ci-ranin Ailan a Amurka, ta rabu da kamfanin ɗab'i ta koma wallafa da kanta, kina tambaya ko ta tafka asara. Ni dai ban ga asara ba, muddin masu karatunta sun biyo ta.

Duba lissafin. A Kindle Direct Publishing, dandalin Amazon na masu wallafa da kansu, littafin lantarki (e-book) da aka sa wa farashi tsakanin dala 2.99 zuwa 9.99 kan kawo wa marubuci kashi 70 cikin ɗari, abin da kamfanonin ɗab'i ba sa kusantarsa. Sai dai kuɗin edita, zanen bango da talla duk sun dawo wuyanta.

Asalinta kuwa jari ne babba. Yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852 a Ailan ta kashe kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kusan miliyan suka yi hijira, da yawa zuwa Boston da New York. Sannan gobarar 1922 a ginin kotuna na Four Courts da ke Dublin, babban birnin Ailan, ta cinye yawancin takardun ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Kin ga kakan da sunansa ya ɓace a rajista, ai rabin labarin bincike ya samu ke nan. Zuriyar 'yan Ailan a Amurka sun haura miliyan 30, kuma masu binciken asalinsu a cikinsu ba sa jiran talla kafin su sayi irin wannan littafi.