Amsa ga ƙanena na Tahoua mai son zama kwansiltan

Assalamu alaikum, ƙanena. Saƙonka ya iske ni a nan Liyon, kuma na karanta shi sau biyu. Ka ce ka kammala lisansi a fannin tattalin arziki da gudanarwa a Jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua, kana son ka zo Faransa ka yi masta, daga nan kuma ka buɗe ofishin kanka kana ba ƴan kasuwa da kamfanoni shawara. Burin mai kyau ne, sai dai a lissafin naka ka tsallake zangon da ya fi kowane tsawo, wato shekarun da mutum ke yi yana aiki a ƙarƙashin wani kafin a yarda a biya shi don ya faɗi ra'ayinsa.

Ni shekara tara na yi ina yi wa wasu aiki, huɗu a wani ofishin binciken asusu, biyar a sashen kuɗi na wani kamfanin jigilar kaya. A shekarun farko aikina bai wuce tattara faktir da daidaita su da takardun banki ba, har nakan tambayi kaina ko wannan ne ya raba ni da gida. Amma a can ne idona ya buɗe, na iya duba asusun kamfani in gane inda kuɗi ke zurarewa tun mai shi bai buɗe baki ba, kuma mutanen da na yi wa aiki a lokacin su ne suka fara kirana da na tsaya da ƙafata. Ko ka shiga babban gidan binciken asusu da ba da shawara irin Deloitte ko KPMG, ko ƙaramin ofishi a Yamai, abin da ake nema ɗaya ne: ka ƙware a abu guda har a san ka da shi, ko lanho, ko neman bashin banki, ko tsara asusu.

Game da zuwa nan kuwa, ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, don haka neman biza ya zama wahala da kashe kuɗi a wata ƙasa. Idan ma ka samu, takardar zaman ɗalibi tana ba ka damar aikin albashi na awa 964 ne kawai a shekara, ba ta kuma ba ka izinin buɗe sana'ar kanka ba. Wanda ke son zama ƙwararren akanta a nan sai ya bi DCG da DSCG, wato digirin akanta na farko da na gaba da shi, ya yi shekara uku ta koyon aiki, sannan ya zauna jarrabawar DEC, wato ta takardar ƙwararren akanta, shekara takwas ke nan bayan bakaloriya idan bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Da ni ne kai, da makarantar koyon gudanarwa ta CESAG da ke Dakar zan fara dubawa. Dalilina shi ne masu sayen shawararka a gida suke, dokar kasuwancinsu kuma ta OHADA ce, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, dokar da ƙasashe 17 ke aiki da ita, har da Nijar, tsarin asusunsu kuwa SYSCOHADA ne da aka sabunta daga 2018. Wanda ya karanci tsarin Faransa zalla sai ya sake zama ɗalibi idan ya dawo. Ka kuma sani cewa sa hannu kan asusun kamfani aikin ƴan ONECCA ne, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, alhali ba da shawara ba ya buƙatar haka. Takardun RCCM (rajistar kasuwanci) da NIF (lambar lanho) dai ba makawa, kuma a Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ake yin su.

Kada ka raina abin da ke ƙofar gidanku. Da na zo hutu, na zauna da wani kawunmu mai fataucin albasa a Galmi, wanda ke loda manyan motoci zuwa Abijan, amma dukan lissafinsa yana cikin kansa da wani littafin ƴan makaranta da gefensa ya cinye. Kuɗin cefane, da na biki, da na mota duk daga aljihu ɗaya suke fita. Kwana biyu muka yi a kan tabarma muna ware su, muna kuma ƙirga buhunan da ke ruɓewa a rudu yayin da yake jiran farashi ya tashi. Da ya ga jimillar a rubuce sai ya yi shiru, ya cire hula ya ajiye a gwiwa. Wannan shi ne aikin kwansiltan, kuma kana iya fara gwada shi tun bana, ko da kyauta ne, muddin kana rubuta abin da ka tarar da abin da ya sauya bayan shawararka.

Ranar da za ka bar albashi, ka tabbata kana da ajiyar da za ta riƙe ka wata shida, kuma kada ka taɓa aiki sai da yarjejeniya a rubuce da kafin alƙalami. Kwangilata ta farko da baki muka ƙulla ta, saboda kunyar mutumin da nake ji, sai da na yi wata huɗu ina bin kuɗina.

Ka aiko mini da takardun makinka na lisansi, ka kuma faɗa mini ko ka taɓa yin sitaj a wani wuri. Ka gaishe mini da su Baba da Inna.