Amsa ga mai tambaya kan muryar mata da zuwan Turawa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambaya ko da gaske mulkin mallaka ya danne muryar mata a labaranmu, ko kuwa zancen aro ne 'yan boko suka kwaso daga waje. Na yi shekara 22 ina koyar da Hausa a sakandaren 'yan mata a nan Kano, kuma abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ɗakin kakata, a Yakasai, na fara sanin labari. Bayan isha'i takan ɗauko mazarinta tana kaɗi, ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta", har barci ya kwashe mu a kan tabarma. Tatsuniya a bakin mata take. Amma da Turawa suka ci Kano a 1903, suka nemi sanin waɗanda suke mulka, malamai maza ne suka rubuta musu ita da ajami, wani jami'insu, Frank Edgar, ya buga daga 1911 zuwa 1913 da sunansa a bango. A gasar rubuta labaran Hausa da Bature Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, littattafai biyar aka fitar, babu na mace ko ɗaya. Sai a 1980 littafin Hafsatu Abdulwaheed ya fito. Alhali Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tuni ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, jajojinta, wato matan da ta koyar su koyar da wasu, suna kai waƙoƙinta ƙauye-ƙauye.

Wata Baturiya mai bincike ta taɓa zuwa gidanmu. Tambayarta ba ta wuce kulle da auren dole ba. Da mahaifiyata ta fara ba ta labarin yadda da kuɗin alkaki da adashi ta sayi gida ba tare da ta taka zaure ba, sai na ga ta kashe rikodarta tana murmushi. Abin ya yi mini ciwo har yau. Mace baƙar fata mai kuka ta zo nema, ta tarar da mai lissafi.

Sai dai kar mu ɗora wa Bature kaɗai. Da su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa suka fara rubuta zaman kishi da saki da karatun 'ya mace, mu ne muka laƙa musu "adabin kasuwar Kano" da raini, har aka ƙona irin littattafan a garin nan a 2007. Ni kaina a cikin hijabi nake ɓoye wanda na yi haya, tsoron faɗan Baba.

Yanzu duk hutu nakan tura ɗalibaina su ɗauko tatsuniya ɗaya daga kakarsu da waya, su rubuta ta yadda ta faɗa, sunan tsohuwar a sama, nasu a ƙasa. Idan taki tana raye, ƙanwata, je ki gaishe ta yau da daddare.